Ƙarshen Damina A Bakin Ruwan Challawa

Uwargida, yaushe rabonki da ki tsaya ki kalli tsuntsu da kyau? Na yi miki wannan tambaya ne domin ran nan na nuna wa ɗana hoton gauraka, sai ya ce wai zakara ne. Yaron da aka haifa a Kano ke nan! Saboda haka da muka je ganin dangi a Falgore cikin watan Satumba, sai na roƙi maigida ya kai mu bakin ruwa.

Kada ki ɗauka dajin Falgore na hanyar Jos nake nufi. Wannan Falgoren tana ƙaramar hukumar Rogo ne, maƙwabciyar Ƙaraye, inda madatsar ruwa ta Challawa take. An kammala ta a 1992, tsawonta ya kusa kilomita 8, kuma tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. In kika tsaya a gaɓa, sai ki ce teku ce.

In za ki je, ki yi sammako, kafin rana ta ɗaga. Balbela za ki fara gani tana bin shanun Fulani, tana cafke farin da suke tayarwa. Can cikin ruwa ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi, yana dakon kifi. Ki kasa kunne ki ji fiton kirinjijiya in sun taso garke guda. Shamuwa kuwa da ta zo mana da albishir ɗin damina, a wannan lokaci take haramar tafiya kudancin Afirka, daidai lokacin da wasu tsattsewa ke isowa daga Turai bayan sun ƙetare Sahara. Ki faɗa wa yara wannan, ki ga yadda za su buɗe baki.

Gauraka kam har muka dawo ba mu gan ta ba. Tsofaffi sun ce da can ba ta wuya a fadamu, amma kamu da kuma nome fadamun sun sa ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan.

Batun hoto, wayarki ma ta isa. Ki sa rana a bayanki, ki zauna wuri ɗaya, ki bar tsuntsu ya matso da kansa. In kin bi shi, tashi zai yi. Kada a taɓa sheƙa, kuma kada ki ɗauki masunta ko mata masu wanki sai da izininsu.

Sai dai 'yar'uwa, ki yi hattara. Ruwa a cike yake a wannan lokaci, gaɓa na da santsi, ki riƙe hannun ƙanana. Kada ki bari su yi wanka ko wasa a ciki, domin a irin wannan ruwa na kwance ake ɗaukar tsargiya. Ki tafi da ruwan shanku daga gida, ki kuma kwaso ledojinku.

Ɗana da danƙon harbi ya fita a aljihu. Da muka juyo, sai na ga bai ko ciro shi ba, yana ta lissafa tsuntsayen da ya gani da yatsu. Yanzu kullum tambayata yake yi: "Umma, yaushe za mu je neman gauraka?" Ke ma ki gwada kai naki, ko da bakin kududdufin garinku ne.