Daga Damagaram zuwa Timiya: tsohon injin dizal a sanyin Azbin

Hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Agadas, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 450, tana ratsa ƙasar Damargu ta bi ta Tanut da Adarbisanat, kuma a watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, mai bin ta yakan wuni cikin ƙura da hazo, sannan ya kwana cikin sanyin da ke ƙaruwa gwargwadon nisan da ya yi arewa. A irin wannan lokaci ne wasu fatake suka kama hanya a wata tsohuwar a-kori-kura mai injin dizal da silinda huɗu, ɗauke da buhunan gero da sukari, da niyyar kaiwa Timiya da ke cikin duwatsun Azbin, su sayo lemu daga lambunanta. Ranar farko motar ba ta nuna wata alamar ciwo ba. Ta wuce matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, ta shiga Agadas bayan magariba, aka kwana kusa da tsohon masallacin nan mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27.

Daga Agadas kwalta takan ƙare, hanya ta zama duwatsu da busassun ƙoramu, don haka dare ya riske su bayan sun wuce Elmeki, suka yada zango a gefen wata ƙorama. Da asuba, bayan an yi salla da ruwan da ke cizon yatsu, direba ya murɗa makulli, sai kik, wato ƙaramin injin lantarkin da ke juya babban inji kafin ya kama da kansa, ya juya a kasalance, salansa ta fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, injin kuma ya ƙi tashi.

Dalilin da ya sa sanyi ya fi wahalar da injin dizal a kan na fetur yana cikin ƙirarsa. Injin da Rudolf Diesel ya kammala a Jamus a 1897 ba ya da fulogin da ke ba da tartsatsi. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har ta koma kusan kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta, matsin ya sa ta yi zafi ƙwarai, kamar yadda famfon keke ke ɗumama a hannun mai bugun iska, sannan nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da wuta. Idan ƙarfen injin ya kwana cikin sanyi, shi ne ke shanye wannan zafi kafin mai ya iso, musamman a tsofaffin injuna da ake fesa wa mai a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke jikin kan silinda. Saboda haka aka sanya wa kowace silinda hita, wani siririn ƙarfe da bakinsa ke yin ja-wur cikin 'yan daƙiƙu idan wutar batir ta shige shi. Sanyi bai cika haifar da sabuwar ɓarna ba, sai dai ya tona asirin wadda zafin Damagaram ya daɗe yana rufewa.

Babban fataken ya ce, "Malam direba, ko mu tura ta?" Direban ya nemi a ba shi lokaci, domin tura mota mai kaya a cikin yashi wahala ce da ba ta da tabbas, kuma hayaƙin ya riga ya gaya masa rabin labarin. Farin hayaƙi mai warin mai shaida ce cewa mai yana isa silinda amma bai sami zafin da zai ƙone shi ba. Da babu hayaƙi sam, da zargin ya koma kan tiyo da ya sha iska ko matatar mai da ta toshe. Sanyin jikin kik kuwa ya nuna batir, wanda ƙarfinsa ke raguwa cikin sanyi daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri yake riƙe injin. Da yaron mota ya ɗaga murfin, sai aka tarar da farin gari ya taru a kan batir, wayar da aka ɗaure a jikin mota kuma tana motsi a hannu. Aka wanke kan da ruwan zafi daga butar shayi, aka kankare shi da wuƙa har dalma ta yi haske, aka ɗaure tamau. Kik ya ƙara kuzari, amma inji bai kama ba, kuma direban bai yarda a riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma sha biyar a jere ba, don kada batir ya mutu kik ya ƙone.

Gwajin hita shi ne wurin da gwanintar mutumin ta fito fili. Duk huɗun suna haɗe da wani sillen ƙarfe guda da ke kawo musu wuta, kuma muddin yana ɗaure, lafiyayyen hita zai rufa wa matacce asiri, don haka sai da ya cire shi tukuna. Ya ɗauko ƙwan fitilar mota mai wayoyi biyu, ya maƙala ɗaya a kan batir mai alamar tarawa, ya riƙa taɓa kan kowane hita da ɗayar: a na farko da na huɗu ƙwan ya kama, a na biyu da na uku ya yi shiru, wato zaren da ke cikinsu ya tsinke. Ba a yi mamaki ba, domin wani bakanike ya taɓa cire na'urar da ke ƙayyade lokacin ɗumamawa ya sa maɓallin hannu a madadinta, gyaran da ya yawaita a tsofaffin motoci kuma yake ƙona hita idan aka daɗe ana dannawa.

Bai bar ɓangaren mai ba tare da dubawa ba. Ya kwance dunƙulen da ke ƙasan matatar mai, ruwa kaɗan ya tsiyayo kafin mai ya biyo baya, abin da ba a rasawa a motar da ake shayar da ita daga duro da jarka; sannan ya danna ɗan famfon hannu da ke saman matatar har ya yi tauri, alamar babu sauran iska a layin. Dizal yana ɗauke da wani kitse da kan fara daskarewa idan sanyi ya kusa sifili, amma man nan ya fito garau.

Tun da babu sabon hita a daji, sai aka nemi zafi daga waje. Yaron mota ya ba da shawarar a zuba ɗan fetur a bakin iska, dabarar da ake yawan yi a tasha, maigidansa ya hana, kuma yana da gaskiya, domin fetur kan kama da wuta kafin lokaci ya doki fistan, ya karya ringi, wani lokaci ma ya tashi gobara. Aka jira rana ta fito ta bugi injin, aka tafasa ruwa aka kwarara a hankali a kan bututun da ke kai iska cikin silinda, aka danna hita, aka murɗa. Silinda biyu suka fara kamawa, motar tana kakkarwa tana aman hayaƙi, sauran biyun suka biyo baya bayan ɗan lokaci.

Sun shiga Timiya da la'asar, suka tarar da lambuna kore shar a tsakanin baƙaƙen duwatsu, kuma tun daga daren nan direban ya riƙa ajiye motar a kan gangare tana fuskantar gabas. Da suka dawo Agadas aka sa sababbin hita huɗu, aka zubar da baƙin mai mai kauri aka zuba 15W-40, wanda ya fi saurin gudana da safe. Bakaniken da ya yi aikin ya kuma buɗe murfin baƙin mai injin yana aiki, ya ga hayaƙi yana busowa da ƙarfi, alamar ƙurar hanya ta cinye ringi har matsi yana zurarewa, ya shawarci direban da ya sauke injin a Damagaram kafin hunturu mai zuwa.