Zaman kifi da jatanlande a wani falo a Jidda

Mutanenmu na Kaduna da yawa sun san Jidda, amma sanin filin jirgi da kasuwa ne: a sauka, a wuce Makka, a dawo a yi tsaraba a Balad, a kama hanyar gida. Bahar Maliya kuwa sai dai a hango shi ta tagar mota, alhali babban abin kallon garin yana ƙarƙashin ruwan nan. Babu kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina da ke zuba a cikinsa, ga rana tana shanye shi, shi ya sa gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita, sauran tekuna kuwa wajen 35. Tunda ba kogi, ba laka. Wanda ya tashi a Kakuri yana ganin kogin Kaduna ja wur da damina, sai ya yi da gaske kafin ya yarda ruwa na iya yin garai-garai haka, har ka hangi murjani a ƙasa da kifaye suna kai da komo a tsakaninsa. Nau'in kifin da ke tekun ya haura 1,000, wasunsu ba a samunsu ko'ina a duniya sai nan.

Na shiga gidan kifi na Fakieh da aka buɗe a bakin teku a 2013, na ga manyan kifaye suna wucewa ta saman kaina. Ya burge ni, amma burgewar kuɗi ce. Abin da ya zaunar da ni shi ne wani akwatin gilashi mai cin lita 100 a falon taubashina, ɗan ƙanen mahaifiyata da aka haifa a can, wanda Hausarsa ta gauraya da Larabci amma tsiyar wasa ba ta bar bakinsa ba.

Kifi uku ne kacal a ciki, da jatanlande biyu. Na ce masa wannan ai rowa ce, a gida tankin da bai fi wannan ba muna zuba masa 'ya'yan tarwada har ruwan ya yi baƙi. Ya yi dariya ya ce, “Kai Bakadune, naku na tukunya ne. Waɗannan maƙwabta ne, sai an duba hali kafin a haɗa su gida ɗaya.” Ko a kiwon tarwada mun san ana tace su lokaci-lokaci don kada babba ya haɗiye ƙarami, to a nan lamarin ya wuce girma, ya kai ga wa ke cin me, wa ke son saman ruwa, wa ke son rami, wa ke da faɗa.

Biyu daga cikin kifayen irin wanda yara ke kira Nemo ne, amma na Bahar Maliya, ruwan ɗorawa da zane fari biyu. Ya saye su ƙanana tare, kuma da dalili. Dukkansu ba a mata suke fara rayuwa ba; wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗewa ya koma mace, ɗayan ya zauna a namiji. Ka sayo manya biyu da kowace ta riga ta zama mace, sai ɗaya ta ga bayan ɗaya. Ka ƙara na uku a ƙaramin akwati, su taru su hana shi sakat.

Na ukun, wani siririn kifi da ake kira gobi, shi ne ya cinye mini yamma guda. Yana kwance a bakin wani rami ƙarƙashin dutse, idanunsa a sama. Can sai ga jatanlande ya fito daga ramin yana turo yashi da hannuwansa, ya zubar, ya koma. Ganinsa ba shi da ƙarfi, don haka duk lokacin da ya fito, dogon gashin kansa ɗaya yana taɓe da jikin gobin. Na matso da hannuna kusa da gilashi, gobin ya kaɗa jela sau ɗaya, kafin ƙiftawar ido duk sun shige. Ɗaya na haƙa gida, ɗaya na gadi, a rami ɗaya suke kwana. Cikin dare kuma ka ji ƙas! kamar gilashin ya tsage. Babban hannun jatanlanden ne. Yana rufe shi da irin saurin da ke haifar da kumfa a ruwa, fashewar kumfar ce ke ba da ƙarar.

Ɗaya jatanlanden, mai jan baya da farin layi a tsakiya, wanzami ne. Yana tsayawa kan dutse yana kaɗa fararen gashinsa, kifi ya zo ya tsaya cak, shi kuma ya bi jikinsa yana cire ƙwari da matacciyar fata. Taubashin nawa ya tsoma hannu, sai ga shi ya hau yana binciken gefen farce.

Saboda waɗannan biyun ne ya haƙura da kifaye da yawa da ransa ke so. Kifin zaki, mai baza ƙayoyi masu dafi, duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Akwai wani da Turawa ke kira kifin shaho, ja ne kyakkyawa, yana maƙalewa kan dutse yana jira. Ranar da jatanlande ya yi saɓa jikinsa ya yi laushi, ranar zai zama kalaci. Shuɗin kifin nan na fim ɗin Nemo na 2003, wanda kowane yaro ke nunawa a shago, yana kai kusan santimita 30 kuma mai son gudu ne, lita 100 kurkuku ce gare shi. Ko magani ma sai an yi hattara, don wanda aka fi ba kifin teku yana da sinadarin tagulla, tagulla kuwa guba ce ga jatanlande da murjani. Kifin da ya kamu da ciwo sai a ware shi a wani akwati daban.

Haƙurinsa ya fi ba ni mamaki. Ya ce sama da wata guda akwatin ya yi da ruwa da dutse da yashi kawai, yana jiran ƙwayoyin halittar da ke narkar da kashin kifi su yi yawa, baƙi suna zuwa suna tambayarsa ko duwatsu yake kiwo. Ruwan da ya ƙafe, da ruwan daɗi tatacce yake cikawa, don gishiri ba ya bin tururi. Zafin ruwan kuma tsakanin digiri 24 da 27 dare da rana, famfo ba ya tsayawa. Nan na lissafa zafin watan Afrilu a Kakuri da yadda wutarmu ke zuwa, na ga cewa mai son irin wannan a wajenmu sai ya fara da sola da batir kafin ya yi maganar kifi.

Saura kifi ɗaya yake son ƙarawa, wani ɗan ƙarami mai launin shunayya da ake kira fridmani, ɗan asalin Bahar Maliya, wanda yanzu ake ƙyanƙyasarsa a gonakin kifi. A danginsa shi ne mai dama-dama wajen hali, amma duk da haka ɗan tsare gida ne. Shi ya sa ya bar shi ƙarshe, sai masu sanyin hali sun kama wurarensu tukuna. Na tambaye shi yaushe ke nan, ya ce sai ranar da ya ga gobin ya daina ɓuya in an kunna fitila.