Ranar da Yaya ta nemi maburgi

A damunar bara Yaya ta zo gida Zariya. Shekararta 17 ke nan a Manchesta tana aikin jinya, kuma rabonta da Najeriya shekara shida. Kwana uku da saukarta ta ce ita za ta yi mana miyar kuka, wai ta gaji da zama kamar baƙuwa a gidan ubanta. Ina tsaye kusa da ita ruwan miya ya tafasa, ta ɗebo garin kuka, ta juyo ta ce, "Miƙo min wannan... wannan abin." Ta haɗa tafin hannayenta biyu tana murzawa a iska. Na san abin da take nufi, ita ma ta san na sani, amma na tsaya ina kallonta don na ɗauka wasa take yi. Ta ce, "Wallahi yana bakina." Daga can kan tabarma Inna, ba tare da ta ɗaga kai daga tsintar shinkafar da take yi ba, ta ce, "Maburgi."

Yaya ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunanta, ba ta kuma yi mata faɗa gaba da gaba. Ni ta samu da daddare. Ta ce, "Ki gaya wa 'yar'uwarki, kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Kafin mako ya zagayo zancen ya karaɗe dangi. Wata gwaggonmu ta ce iyayi ne kawai, ai mutum ba ya manta nonon da ya sha. Ni ma, in faɗi gaskiya, rabin zuciyata na tare da gwaggo. Duk mun san irin mutumin da zai je kwas na wata uku a Dubai ya dawo yana tambayar yadda ake cewa kaza da Hausa. Amma na ga fuskar Yaya a lokacin da kalmar ta ƙi zuwa, kuma abin da na gani tsoro ne.

Wannan ya sa na shiga karance-karance, na tarar masana harshe sun daɗe suna nazarin lamarin. A Hausa zan kira shi zaizayewar harshen uwa, kamar yadda ruwa ke zaizaye gaɓar kogi a hankali alhali kogin na nan. Abu na farko da suka rarrabe shi ne yaro da babba. A 2003 Christophe Pallier da abokan aikinsa a Faransa sun gwada mutum takwas waɗanda aka haifa a Koriya, iyalan Faransawa suka ɗauke su riƙo suna tsakanin shekara uku zuwa takwas. Da suka girma aka kunna musu jimlolin Koriyanci a cakuɗe da na wasu harsunan da ba su taɓa ji ba, suka kasa tsame nasu, hoton ƙwaƙwalwarsu ma bai nuna wani alamar sanayya ba. Yaro na iya rasa harshensa ɗungurungum. Wanda ya bar gida bayan balaga kuwa, ginshiƙin harshensa ya riga ya kafu. Kees de Bot da Michael Clyne sun bi sawun 'yan Holan da suka yi ƙaura zuwa Ostireliya, suka sake gwada su bayan shekara 16, suka tarar ɗan abin da ya ragu a harshensu bai taka kara ya karya ba. Nahawu na daurewa. Yaya ba za ta taɓa cewa "Inna ya zo" ba, ko da za ta shekara hamsin a Turai. Inda ɓarakar take fara bayyana shi ne wajen kalmomi, kuma ko a nan ɗin ma, matsalar ta lalubo kalma ce a daidai lokacin da ake bukatarta.

Michel Paradis na Jami'ar McGill da ke Kanada ya yi bayanin da ya fi kwanta mini. A ganinsa kowace kalma da ke kan mutum tana da wani mizani na ƙoƙarin da ake bukata kafin a taso da ita. Duk lokacin da aka yi amfani da ita, mizanin ya yi ƙasa, ta zama kusa da hannu. In aka daɗe ba a taɓa ta ba, ya yi sama. Na kwatanta shi da 'yar hanyar ƙafa zuwa gona: gonar ba ta gusa ko'ina ba, amma damuna biyu in ba a bi hanyar ba ciyawa ta haɗe. Paradis ya ƙara da cewa gane kalma idan an ji ta ya fi sauƙi a kan fito da ita daga baki, domin sautin da ya shigo kunne ya riga ya yi rabin aikin. Shi ya sa da Inna ta ce "maburgi" Yaya ba ta tambayi ma'anarsa ba. Cewa ta yi, "Yauwa!"

Rashin amfani kaɗai bai isa ya bayyana komai ba. Akwai kishiya a cikin gidan. Mai harshe biyu ba ya rufe ɗaya ya buɗe ɗaya kamar ɗakuna. Duka biyun a farke suke a kowane lokaci, kuma idan ya ga abu, sunayensa biyu ne ke rige-rigen fitowa. David Green ya bayyana a 1998 cewa domin mutum ya yi magana da harshe guda, dole ƙwaƙwalwarsa ta danne ɗayan, kuma harshen da ya fi ƙarfi shi ya fi bukatar dannewa. To, dubi rayuwar Yaya. Awa 12 take yi a ɗakin marasa lafiya, inda kuskuren kalma ɗaya a sunan magani ko adadinsa na iya zama ajalin wani. A farkon zuwanta Hausa ce mai ƙarfi, ita ce ke kutsowa, ita kuma aka yi ta dannewa kullum har ƙwaƙwalwa ta ƙware a kan haka. Wato ƙwarewar da ta sa ta zama ma'aikaciyar jinya abin dogaro, ita ce ta tsaya tsakaninta da maburgi. Abin ba ya ma jiran shekaru. A 2009 Jared Linck, Judith Kroll da Gretchen Sunderman sun wallafa binciken da suka yi kan ɗaliban Amurka da suka je Sifaniya zangon karatu ɗaya tak. An ce su lissafa sunayen abubuwa na rukuni guda da Turancinsu na haihuwa cikin ƙayyadadden lokaci, sai ga shi sun kawo ƙasa da abin da takwarorinsu da ke koyon Sifaniyanci a aji a gida suka kawo. Da na karanta wannan na ɗan sassauta wa mutumin Dubai, ko da yake ban yafe masa duka ba.

Na yi wa kaina tambayar da gwaggo za ta yi: ai kullum Yaya na waya da gida, mijinta ma Bahaushe ne, ina Hausar ta tafi? Amsar tana cikin irin Hausar da ake yi a waya. Ina kwana, ina gajiya, yaya yara, wa ya haihu, wa ya rasu, kuɗin sun shigo? 'Yan kalmomi ne ƙalilan ke ta juyawa. Ba wanda ke ambaton maburgi ko muciya ko mara ko faifai a waya, balle soshiya da buntu da ƙaiƙayi. A gidanta kuma, in kalma ta yi nauyin fitowa, ta Turanci na nan a kusa, mijin zai gane, yaran ma ita suka fi ganewa, ba dalilin wahala. Monika Schmid, Bajamushiyar da ta yi fice a wannan fanni, ta nazarci Jamusawa mazauna Kanada da Holan, ta gano cewa yawan hira da iyali da abokai bai cika kare harshe yadda ake zato ba. Waɗanda suka fi riƙe kalmominsu su ne masu amfani da Jamusanci a wurin aiki, inda ba a yarda da gauraye ba, dole mutum ya tsaya ya nemo kalmar da ta dace.

Wani binciken na Schmid ɗin ne ya hana ni cewa Inna ta yi kuskure baki ɗaya. A littafinta na 2002 ta saurari hirarrakin da aka yi da Yahudawan birnin Düsseldorf waɗanda suka tsere daga mulkin Nazi zuwa Ingila da Amurka, kusan shekara 60 bayan fitarsu. Ta kasa su gida uku bisa lokacin da suka fita: kafin dokokin Nuremberg na 1935, tsakanin 1935 da 1938, da kuma bayan daren 9 ga Nuwamba 1938 da aka ƙone wuraren ibadarsu aka farfasa shagunansu. Na ƙarshen nan, waɗanda suka fi kowa ganin wulaƙanci, su ne Jamusancinsu ya fi lalacewa, alhali su ne suka fi jimawa a ƙasar kafin su fita. Ke nan zuciya na da hannu a ciki. Wanda gida ya yi wa rauni yana iya juya wa harshen gidan baya ko bai yi niyya ba. Abin da Inna ke tsoro ke nan, ina jin, ko da ba ta faɗe shi haka ba: kada a ce 'yarta ta fita ne da zuciya ɗaya, ba ta bar komai a baya ba. Sai dai matar da ta yi guzurin daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya shekara 17, tana fama da jami'an filin jirgi a kansu, ba ta cikin wannan rukuni.

Akwai kuma abin da ban gaya wa gwaggo ba. Ni ban taɓa zama a waje ba, a Abuja nake aiki, amma rabon da in karanta lambar waya da Hausa na manta. Rannan a kasuwa wata mai gyaɗa ta ce mini "zambar biyu", na tsaya ina lissafi kamar an yi mini Larabci. Ina fassara rahoto a ofis, kalmar "gwanjo" ta shige mini har sai da na tambayi mai gadi. Da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa 'yan gudun hijira ne daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyar na yamma, bambancinmu da Yaya shi ne mu muna da mai gadi da mai gyaɗa da za su tuna mana, kuma ba mai zarginmu da iyayi tunda ba mu hau jirgi ba.

A mako na uku bakin Yaya ya sake. Na ji ta tana ciniki da mai itace tana ce masa ya cika tsada kamar shi ya shuka dajin. Masana sun san wannan ma: tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka taɓa koya aka manta ya fi saurin dawowa a kan sabo. Ana gobe za ta koma, Inna ta aiki yaro kasuwar Sabon Gari ya sayo sabon maburgi, ta ba ni ta ce in sa a jakar 'yar'uwata, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Watan jiya saƙon murya ya shigo mini ta WhatsApp wajen ƙarfe biyu na dare, daga ji tana bakin aiki, don muryarta ƙasa-ƙasa take. Ta ce, "Ke, don Allah mene ne sunan tsumman nan da ake naɗewa a ɗora a ka kafin a ɗauki tulu?" Na buɗe baki in amsa, shiru. Ina ganin abin a idona, ina jin nauyinsa a tsakiyar kaina. Na kwana da shi, da asuba bayan salla na kira Inna.

Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Gammo. Ita ce ke tambaya, ko ke?"