Saƙon Da Ya Koyi Bin Sawu

A al'adar Bahaushe, idan baƙo ya yi sallama aka ce masa maigida ba ya nan, sai ya bar sallahu ya kama gabansa. Sallahun yakan zauna a bakin yaro ko uwargida har maigida ya dawo, ya sha ruwa, ya huta, sa'annan a isar masa. Wato dai saƙo shi ke jiran mutum, kuma "ba ya nan" amsa ce mai mutunci wadda ba a neman ba'asinta.

Ko da kwamfuta ta zo da hirar nan-take, ba ta rushe wannan tsari farat ɗaya ba. Manhajoji irin su ICQ ta 1996, da AOL Instant Messenger ta 1997, da Yahoo! Messenger ta 1998, duk suna da alamar da ke nuna mutum yana nan ko ya tashi. Mu da muka yi zamanin shagunan intanet, inda ake sayen lokaci awa-awa, mun san da zarar lokaci ya cika, hira ta yanke, kowa ya koma harkarsa. Daga baya aka ƙirƙiro dabarar da ta sauya al'amari: mutum ya ba da lambar wayarsa, idan ya bar kwamfuta, sai a mayar da saƙon da aka aiko masa gajeren saƙon SMS, ya cim masa a aljihu. Turbar kuwa daɗaɗɗiya ce, domin SMS na farko, wanda Neil Papworth ya aika a Ingila ranar 3 ga Disamba, 1992, daga kwamfuta ya tashi ya sauka a wayar hannu.

Mu a Nijeriya sai a 2001 wayar GSM ta iso gare mu, kuma ba ma musun alherinta. Duk wanda aiki ya kai shi nesa da garinsu ya san zafin labarin rasuwa da ya iso bayan an yi sadakar uku. To, amma kowane allazi da nasa amanu.

Harshenmu ne ya fara biyan kuɗin. SMS guda haruffa 160 yake ɗauka, gaisuwar Bahaushe kuwa, da tambayar iyali da gajiya da sanyi, ta isa ta cinye su tun ba a kai ga maganar da ta kawo mutum ba. Saboda haka muka datse ta. Daɗin daɗawa, haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jerin haruffan asali na GSM; da zarar ɗayansu ya shiga saƙo, sai adadin ya faɗo zuwa 70. Ga tsada, ga wayoyin da ba su ma san da su ba, sai ƙura ta zama kura, ƙafa ta zama kafa. Har yau muna cin karo da wannan tabo a takardun jarrabawar ɗalibanmu.

Abu na biyu da muka rasa shi ne "ba ya nan". WhatsApp ta fito a 2009, a 2015 kuma ta buɗe ƙofar kwamfuta, sai reshe ya juye da mujiya: waya ta zama uwar ɗaki, kwamfuta ta koma 'yar rakiya. An rufe AOL Instant Messenger a 2017, Yahoo! Messenger a 2018, ICQ a 2024, amma ɗabi'ar da suka shuka ta yi saiwa. Yanzu saƙo kan tarar da mu a aji, a masallaci, a gefen gadon majinyaci, kuma jinkirin amsa kan zama laifin da ke ɓata zumunci.

Na'ura ta iya isar da saƙo, amma ba ta san halin da mai karɓa yake ciki ba, abin da ɗan aike mai hankali yakan duba kafin ya buɗe baki. Wannan hankali a wuyanmu ya rage: mu yi wa wanda bai amsa da wuri ba uzuri, mu mayar wa gaisuwa da haruffanmu haƙƙinsu tun da ƙuncin wuri ya kau. Allah Ya sa mu dace.