Faifan da ya ƙi magana

Kalmar faifai ta daɗe a bakin Bahaushe tun kafin a san lantarki. Da shi ake rufe ƙwaryar fura, da shi ake sheƙe tsaba. Da garmaho ya zo sai aka ara masa sunan, daga baya faifan CD ya gada. A cikin irin wannan faifai ne wani dattijo ɗan asalin Maraɗi, mai sayar da atamfa a Treichville ta birnin Abijan, ya adana muryar mahaifiyarsa.

Asalin muryar saƙo ce a kaset, irin wanda mutanen gida kan aiko wa matafiya a zamanin da waya ke da wuya. Tsohuwar ta gaishe shi, ta lissafa masa waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu, ta rufe da addu'a. Bayan rasuwarta ya sa aka juye kaset ɗin a faifan CD-RW, kaset ɗin kuma laimar bakin teku ta cinye shi. Wata Juma'a ya saka faifan a tsohuwar kwamfutar ɗansa, ya ji yana juyawa, yana tsayawa, daga ƙarshe allo ya nuna babu komai a ciki.

Washegari ya naɗe shi a hankici, ya ƙetare gadar Houphouët-Boigny, ya ratsa Plateau zuwa Adjamé, kasuwar nan ta wayoyi da kayan lantarki da ake kira Black Market. Aka nuna masa rumfar wani saurayi Bahaushe mai gyara. Bayan gaisuwa ya miƙa faifan da kwamfutar, ya ce, “Ɗana, goge mini shi.”

Saurayin ya dakata. “Baba, wace gogewar? Ta ƙura, ko ta abin da ke ciki?”

Dattijo ya yi salati. Kalma ɗaya ce, amma a kan faifan da ake iya sake rubutawa, ma'anarta ta biyu umarni ce da kwamfuta kan cika cikin ɗan lokaci. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa.

Saurayin bai buɗe komai da sukundireba ba tukuna. Ya fara raba masu laifi: ya saka faifan waƙa na kamfani a kwamfutar, ta karanta, ya saka faifan dattijo a wata sabuwar na'ura, ita ma ta karanta. Ashe faifan yana da rai, kwamfutar ma ba ta mutu ba, ƙarfin ganinta ne ya ragu. Ya yi bayani cewa na'urar tana harba hasken leza ne a kan faifai, ta karanta abin da ya dawo mata. Faifan kamfani yana mayar da mafi yawan hasken, shi kuwa CD-RW, wanda ya shigo kasuwa a 1997, abin da yake mayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, domin an yi shimfiɗarsa da gaurayen ƙarafa masu sauya kama idan zafi ya taɓa su. Saboda haka idan ƙura ta hau idon na'ura, ko leza ta tsufa, shi ne farkon wanda za a daina gani.

Ya share idon da auduga, ya goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Ya ce ba a bin zagaye, domin rubutun a zagaye yake tafiya, ƙarzuwar da ta bi shi doguwar ɓarna take yi. Da ya ɗaga faifan ga hasken rana sai ga ɗan ɗigo yana ɓullowa, inda biro ya huda bayansa ranar da aka rubuta suna. A faifan CD, shimfiɗar da ke riƙe da rubutu tana dab da wannan gefen ne, abin da ya kankare a nan kuwa ba ya dawowa.

Aka juye muryar a hankali, da mafi ƙarancin gudu. Ta fito tun daga sallama har addu'a, sai gurbi guda na 'yan daƙiƙoƙi a tsakiya, daidai inda tsohuwar ke faɗin sunan jaririyar da aka haifa a gidan ƙaninsa. Dattijo ya faɗi sunan da bakinsa, domin jaririyar yanzu tana da 'ya'ya huɗu.

Saurayin ya sa masa kwafi a waya, wani a filashi, ya ce kada ya ajiye su wuri ɗaya. Kafin ya bar rumfar, dattijo ya sa aka tura saƙon ta WhatsApp zuwa ga ƙannensa a Maraɗi. Sannan ya biya jaka biyu, ya mayar da faifan cikin hankicinsa, ya nufi tashar mota don ya riski azahar a Treichville.