Fanjiyo, Sarkin Direbobin Tsere

Ni ban taɓa riƙe sitiyarin mota ba. Sana'ata alƙalami ce, in zauna ofis tun safe ina shigar da lissafi cikin littafi, in an tashi in hau kekena in koma gida. Saboda haka mai karatu ya iya yin mamaki, ya ce, me ya gama malamin ofis da tseren motoci? To, ƙanena ne ya gama mu. Shi direba ne, a garejin da ya yi koyo kuwa akwai wani tsohon hoto manne a bango, hayaƙi duk ya dafe shi. Hoton wani Bature ne kakkaura, mai sanƙo, ba yaro ba, yana zaune cikin wata 'yar mota mai kama da kwalekwale, da tabarau a goshi. Na tambayi maigidan garejin ko wane ne wannan. Ya ce, "Malam, ai Fanjiyo ke nan. Duk mai cin abinci da mota, wannan ubangidansa ne." Tun daga ran nan na shiga neman labarinsa.

Turawa na rubuta sunansa Juan Manuel Fangio. An haife shi cikin 1911 a wani gari wai shi Balcarce, a ƙasar Ajantina ta Amurka ta Kudu. Asalin iyayensa mutanen Italiya ne, ba masu hali ba ne kuwa. Bai yi nisa a makaranta ba, tun yana yaro ya shiga gareji koyon aikin makaniki. Abokansa na wasan ƙwallo suka yi masa laƙabi da harshensu, ma'anarsa mai gwame, don ƙafafunsa a karkace su ke, sunan nan kuwa ya bi shi har kabari.

Tseren da ya fara yi ba a fili mai kwalta ba ne. Motocin gida a ke gyarawa, a bi da su hanyoyin ƙura da taɓo da duwatsu, kwana da kwanaki. Cikin 1940 ya ci wani tsere da mota Chevrolet, daga birnin Buenos Aires zuwa Lima ta ƙasar Peru, sa'an nan a komo, tafiyar kusan mil 6,000. In mota ta lalace a daji ba mai gyara maka, kai da abokin tafiyarka za ku kwanta ƙarƙashinta. Cikin 1948, a wani tsere irin wannan, motarsa ta ƙwace da dare a Peru ta faɗa gangare, abokinsa Daniel Urrutia ya mutu. Ina jin wanda ya taɓa ɗaukar gawar abokinsa a gefen hanya ba zai ƙara duban mota kamar abin wasa ba.

Sa'ad da ya tare a Turai sosai, cikin 1949, ya doshi shekara 38, watau shekarun da waɗansu ke shirin ajiye wannan sana'a. Duk da haka ya zama zakaran duniya har sau biyar: 1951, 1954, 1955, 1956 da 1957, da motocin kamfani huɗu, Alfa Romeo da Mercedes da Ferrari da Maserati. A manyan tseren duniya 51 da aka tashi da shi, ya ci 24. Sai bayan shekara 46, cikin 2003, wani Bajamushe, Michael Schumacher, ya ɗara shi yawan sarauta.

Amma kada lissafi ya ɗauke mana hankali, ko da ya ke shi ne abincina. Ya kamata ku san irin zamanin. Inji na gaban direba yana hura masa zafi, tankin fetur na bayansa cike maƙil, shi kuwa yana tsakani. Ba ɗamara da za ta riƙe shi a kujera, har ma waɗansu na ganin gara mota ta jefar da mutum da ya ƙone a ciki. Hular kwano sai cikin 1952 aka tilasta sa ta, kafin nan hular zane ko ta fata su ke sawa, da riga mai gajeren hannu. Tayoyi sirara. A gefen hanya kuma itatuwa da ramuka da gidajen mutane, abin da zai raba mota da 'yan kallo sau da yawa damman ciyawa ne kurum. Da wuya shekara ta fita ba a binne wani daga cikinsu ba.

Abin da ya fi ƙayatar da ni a labarinsa ya faru ne a Monako cikin 1950. Can a titunan gari a ke tsere, a bakin teku. A zagaye na fari igiyar ruwa ta fantsamo kan hanya a wata kwana, wajen motoci tara suka yi karo suka toshe wurin. Fanjiyo na kan gaba, ya riga ya wuce, bai san abin da ya auku bayansa ba. Da ya zagayo, kafin ya kai kwanar nan, sai ya lura da abu guda. Kullum in yana gaba fuskokin 'yan kallo ya kan gani, don shi su ke duba. Yau kuwa ƙeyarsu ya ke gani, duk sun juya wani waje. Ya ce a ransa lalle akwai abin da ya fi shi ɗaukar ido can gaba. Ya taka birki, ya raɓa ta gefen tarkace a hankali, ya kuma ci tseren. Ku duba fa, mutum na cikin wannan gudu, amma idonsa har ya kai kan ƙeyar mutane!

Kada kuwa a ce bai taɓa yin wauta ba. Cikin 1952 ya yi tsere a Ailan ta Arewa, kashegari yana da wani a Monza ta Italiya. Jirgin sama ya kuɓuce masa, sai ya kwana yana tuƙi daga Faris, ya iso saura kamar rabin sa'a a tashi. Ya shiga mota ba barci a idonsa. Tun ba a yi nisa ba ta ƙwace masa, ta wuntsila, ya karye a wuya. Shekaran nan duk a jiyya ta ƙare masa. Gajiya ba ta san gwani ba.

Ranar 11 ga Yuni 1955, a Le Mans ta Faransa, inda a ke tsere na sa'a 24 ba tsayawa, motar abokin aikinsa Pierre Levegh ta bugi wata, ta tashi sama, ta tarwatse cikin taron 'yan kallo. Mutum fiye da 80 suka hallaka, har da Levegh. Fanjiyo na bayansa kaɗan, ya kuma faɗa daga baya cewa ya ga mutumin ya ɗaga hannu yana gargaɗinsa, da haka ya sami kaucewa. Ba a tsai da tseren ba. Cikin dare kamfanin Mercedes ya janye motocinsa, alhali kuwa motar Fanjiyo ce kan gaba. Ni dai duk sa'ad da na ji ana yabon zamanin nan, ana cewa da can ne a ke da maza, sai in tuna da mutanen nan da suka sayi tikiti don kallo kurum.

Akwai kuwa mutunci a tsakaninsu wanda ba a musu. A tseren ƙarshe na 1956, a Monza, ƙarfen sitiyarin motarsa ya karye. Dokar lokacin ta yarda direba ya karɓi motar abokin aikinsa. Wani saurayi Baturen Ingila, Peter Collins, mai shekara 24, wanda shi ma ya ke da damar zama zakara a ran nan, ya tsaya a duba masa taya, ya ga dattijo zaune ba mota. Ya sauko ya miƙa masa tasa. Fanjiyo ya zo na biyu, ya sami sarautar shekaran nan. Collins na ganin yana da sauran lokaci a gaba. Ashe saura shekara biyu, cikin 1958 ya mutu a tsere a Jamus.

To, sai ranar da ta fi duka suna, 4 ga Agusta 1957, a Nürburgring ta Jamus. Hanyar nan mil 14 ce zagaye ɗaya, cikin duwatsu da kurmi, kwana fiye da 170, za a kuwa zagaya sau 22. Fanjiyo na da shekara 46. Ya yi dabara, ya tashi da rabin tanki don mota ta yi sauƙi, da nufin ya ba da rata sa'an nan ya tsaya ya ƙara mai. Ya ba da ratar, amma da ya tsaya sai makanikai suka rikice, ƙusar taya ta faɗi ta gangara ƙarƙashin mota. Kafin ya fita, Collins da Mike Hawthorn, cikin motocin Ferrari, sun ba shi wajen daƙiƙa 50. Kowa ya ce magana ta ƙare. Sai dattijo ya shiga bin su, yana shiga kwana da giyar da bai taɓa yarda ya shiga da ita ba. Zagaye bayan zagaye yana karya abin da shi da kansa ya kafa, har ya yi ɗaya cikin minti 9 da daƙiƙa 17. Ana saura zagaye ɗaya ya wuce su duka biyu, ya ci da ratar da ba ta kai daƙiƙa 4 ba. Bayan haka ya faɗa cewa kwana biyu bai iya barci ba, kuma ba ya fatan ya ƙara irin tuƙin nan har abada. Bai kuwa ƙara ba, wannan ce nasararsa ta ƙarshe a tseren duniya. Cikin Yuli 1958 ya yi tsere a Reims ta Faransa, inda Luigi Musso ya mutu, ya zo na huɗu, ya sauko daga mota ya ce ya gama. Ya koma ƙasarsu, ya rayu har 1995, ya rasu yana da shekara 84, aka binne shi a garin da aka haife shi.

Duk wannan na kwashe na gaya wa ƙanena wata rana da dare, don na sha jin fasinjoji na cewa ƙafarsa ta cika nauyi, kuma ya kan juyo daga tafiya mai nisa ba tare da ya runtsa ba. Uwarmu ba ta barci sai ta ji dirin motarsa a ƙofar gida. Na daɗe a kan labarin ƙeyar 'yan kallo, na maimaita na karayar wuya har sau biyu. Ya yi shiru yana saurare, har na ce a raina magana ta shige shi. Da na gama ya gyara zama, ya ce, "Yaya, don Allah sake ba ni na Jamus ɗin nan. Daƙiƙa nawa ka ce suka ba shi?"