Ranar da Kawu ya so ajiye maganinsa

Sai da na nemi izinin kawuna kafin na rubuta wannan. Ya ce in rubuta, amma kada in kama suna.

Bara da damina tari ya kama shi har sati uku, ga zufa da daddare, ga rama. A asibiti aka gwada kakinsa, aka ce tarin fuka ne. Da aka ɗebi jini kuma aka ga yana ɗauke da ƙwayar HIV. Likita ya ce cututtukan biyu sukan haɗu, domin HIV tana raunana garkuwar jiki, sai tarin ya samu ƙofa. Aka ba shi magunguna kyauta, na tari na wata 6, na HIV kuwa na tsawon rai. Ni aka ɗora wa tuna masa kowace safiya kafin in taho makaranta.

Bayan wata biyu tari ya lafa. Sai wani abokinsa ya kawo masa kwalbar bitamin D daga kemis, ya ce ita kaɗai ta isa. Da ma Kawu ya gaji da haɗiyar ƙwayoyi, ga fitsarinsa ya koma ja saboda rifampicin. Ya ce daga yau ya ajiye.

Na ce, "Kawu, don Allah mu fara tambaya a asibiti."

Ya ce, "Ke yarinya, me kika sani?"

Na kai ƙara wurin Kaka. Washegari ita ta tasa shi gaba, ina biye da su.

Malamar asibiti ba ta kushe bitamin D ba. Ta ce fatar mutum ce take samar da shi idan rana ta taɓa ta, ana kuma samunsa a kifi da hanta da gwaiduwar ƙwai. Yana ƙarfafa ƙashi, yana taimakon garkuwar jiki, kuma rifampicin yakan rage shi, don haka likita na iya rubuta wa wanda yake da ƙarancinsa. Amma an jarraba shi a Tanzaniya a kan masu HIV 4,000, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bai rage mutuwa ko kamuwa da tarin ba. Ta ce wanda ya yanke magani, tarin na iya dawo masa ya bijire wa ƙwayoyin, jinyar ta ƙara tsawo da wuya, mu ma na gida ya shafe mu.

Kawu ya yi shiru, ya dube ni. Da muka koma gida da kansa ya ce in miƙo masa ruwa.

Yanzu ya cika watanninsa 6, an sake gwaji an ce ya warke daga tarin, ya koma kan kekensa na ɗinki. Na HIV yana nan yana sha kullum.

'Yan'uwa, duk wanda ke da mai tarin da ya wuce sati biyu a gida, a kai shi gwaji, kyauta ne. Wanda ya fara magani kuma a tsaya masa har ya gama.

Daga 'yar kulob, aji biyar.